Damin da Bai Zo Daga Basirka Ba

Yalwan Damai,
Talata, ƙarshen watan Mayu.

Zuwa ga Gwaggo Ummussalma, a Gwaram.

Assalamu alaikum, Gwaggo. Ina gaishe ki, ina gaida Alhaji da yara, da fatan damina ta same ku lafiya. Iliyasu ne, jikan Baba Yahuza, wanda ranar sunan Khairiyya kika ce kunnuwansa sun isa a sheƙe hatsi da su. Mu nan da sauƙi. Baba dai ƙafa da ido kamar yadda kika sani, yanar ta ƙara rufewa.

Abin da na gani jiya da safe ne ya sa na nemo biro. Ruwa ya sauka wajen asuba, ruwan shuka na sosai, wanda in ka tona da yatsa ba ka tarar da busasshiyar ƙasa. Aka idar da salla kowa ya yi gida ɗaukar iri. Na ɗebi gero na leƙa ɗakin Baba, ba ya nan. Sandarsa tana jingine, sungumi kuma babu. Na bi sawu. Sawunsa ba ya ɓata, ƙafar hagu jan ta yake yi. Na same shi a gonar bayan gari, a ɓangaren da ake bar wa dawar nan 'yar Manu, yana saran shuka. Layin duk ya karkace, wani ramin a kan tsohuwar kunya, wani a cikin kwari. Ya ajiye ƙoƙon iri a bakin gona. Na duba, ko ƙwaya babu a ciki.

Na ce, Baba me za mu zuba? Ya ce, "Kai dai ba ka da haƙuri. Na sara na ajiye, in na Basirka ya iso sai zubawa." Na ce rami ai ba ya jira, rana za ta busar da shi. Ya ce, "To in sake sarawa. Aikin me nake da shi?" Sai da ya kai ƙarshen gonar sannan ya yarda muka dawo.

Na san kin san tarihin, amma Baba ya ce in rubuta shi duka, wai mutanen yanzu sai an tuna musu sunan kakansu. Ɗanbala mahaifin Baba da Manu kakanku taubasai ne, ɗan namiji da ɗan mace. Shekarar fara suka baro ƙasar Ningi da jaki ɗaya da 'yan zangarniyoyin dawa ƙunshe a tsumma. Suka sauka a Basirka, lokacin gefen gabas duk daji ne. Ɗanbala ne babba, shi ya je ya faɗi gaban dagaci ya roƙi wuri, su biyu suka sassabe shi. Baba ya ce har bakin bukka kura take zuwa ta ɗauke musu akuya. Da iyali suka yi yawa wurin ya yi kaɗan, sai Ɗanbala ya bar gonar a hannun Manu, ya taho nan ya sari sabon daji. Ranar rabuwa suka raba irin biyu, suka yi alkawari ba wanda zai ƙara shuka daga rumbunsa. Kowace kaka na Basirka ya ɗaure dami ya kawo nan, na nan ya ɗaure ya kai can, kowa ya shuka na ɗan'uwansa. Wai Manu ne ya kawo dabarar, ya ce wa Ɗanbala, "Kai da rowar ƙafa, in ba a sa maka dole ba sai a Lahira za mu gana." Shi ya sa mu muke ce mata 'yar Manu, ku kuke ce mata 'yar Ɗanbala, alhali dawa ɗaya ce.

Bara waccan da Allah ya yi wa mahaifinku Baba Khuzaima rasuwa, damin Basirka bai zo ba. Baba ya ce suna cikin makoki, ya ɗaure namu da hannunsa ya aika. Da damina ta zo dole muka shuka daga rumbunmu, abin da ba a taɓa yi ba. Sai ambaliyar bara ta cinye gonar da rumbun gaba ɗaya, har da wayata. Ko zangarniya ba mu tsira da ita ba. Baba bai ce don an karya alkawari ba ne, amma ya daɗe ba ya taɓa tuwon dare. Kaka ta sake wucewa, dami bai zo ba. Na ari waya na kira Baffa Zulkifli har na gaji, tana shiga ba a ɗauka.

Gwaggo, ke ce yayarsa, yana jin maganarki. Ba lallai sai dami ba, ko zangarniya kaɗan ta isa. Dawar nan doguwa ce mai jinkiri, in Yuni ya fita ba a shuka ta ba, ruwa zai ɗauke ba ta nuna ba. Na sayo masa kaura a kasuwa, ya shafa ta a tafin hannu ya ce in ba kaji.

Zan ba Musaddiq ɗan acaba wannan takarda a mararraba, ranar kasuwarku. Ki ba shi amsa. Baba ya ce a rubuce yake so, ya riƙe a hannunsa in karanta masa.

Ɗanki,
Iliyasu.

*

Gwaram,
farkon Yuni.

Ɗana Iliya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai Alhaji da hawan jininsa. Ka gaida Baba da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Kunnuwan suna nan yadda na bar su? Rubutunka kamar kaza ta taka tawada ta bi ta kan takarda, amma na karanta tsaf. Wajen ƙoƙon nan sai da na tashi daga kan keken ɗinki na shiga ɗaki.

Na yi wauta, gara in faɗa maka. Na hau mota na je Basirka da takardar, na karanta wa Zulkifli ita duka a zaure, ina ganin zuciyarsa za ta yi laushi. Da na zo inda ka ce Ɗanbala ne ya roƙi wurin, kuma ya bar gonar a hannun Manu, sai ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya ce, "Kin ji ko, Yaya? Sun fara rubutawa."

Bari in fahimtar da kai abin da ba ku sani ba. Ka san in mutum ya ari gona, duk kaka yana kai wa mai ita dami, galla ke nan, don kada a manta ta wane ce. Jim kaɗan bayan rasuwar Babanmu, maƙwabtanmu na gona, gidan su Jummai, aka karɓe musu gonar da suke nomawa tun kakansu. Jikokin wani ne suka zo daga birni, suka kawo tsofaffin da suka shaida cewa duk shekara suna ganin dami yana fita daga gidan su Jummai zuwa gidan kakan waɗancan. Magana ta ƙare a nan. Yau mijin Jummai ƙodago yake yi a gonakin mutane. Zulkifli yana wurin aka yanke hukuncin. Tun ranar ya ce dami ba zai sake fita daga gidanmu ya nufi Yalwa ba. Kuma har gobe tsofaffin garin "gonar Ɗanbala" suke ce wa gonarmu, bakinsu ya saba.

Na ce masa, Baba Yahuza ne fa, wanda ya ɗora ka a wuya ya kai ka kallon dambe. Ya ce, "Baba Yahuza zai dawwama ne? Jikokinsa na Kano fa, waɗanda ba su san hanyar Basirka ba sai ranar da suka ji riɗi ya yi daraja?" Na ce ai su ma suna kawo mana dami. Ya ce, "Wa zai tuna da wannan? Sunan wa ke kan gonar?" Iliya, na ninke takardar na tashi. Yara ne da shi cike da gida, kuma ba shi da wata gonar.

Kada ka karanta wa Baba wannan. Ka ce ina gaishe shi, ana dubawa. Ka rubuto da wuri, magana mai sanyi wadda zan iya kai wa Zulkifli. Ka bar tarihi ya huta.

Gwaggonka,
Ummussalma.

*

Gwaram,
tsakiyar Yuni.

Iliya,

Ina fatan kuna lafiya, ko da yake ba ka ga dama ka sanar da ni ba. Mu nan Alhaji jiki ya ɗan matsa.

Kasuwa ta ci ta sake ci, Musaddiq yana zuwa min hannu wofi. Ya ce yana tsayawa a mararraba ya jira, ba ya ganin ka. Sai ga wani direban Basirka ya ce ya gan ka a Birnin Kudu da safe, da riga mai guga, da takardu a leda, kana bin wani mai jaka a baya. Labarin ya riga ni isa gida. Zulkifli ya ce kotu kuka je. Ya riga ya je ya gaida dagaci, ya fara zagaya tsofaffi da goro. Inna Batulu, mahaifiyarmu, ta daina amsa gaisuwarsa. Matarsa ta daina amsa tawa.

In gaskiya ne ka faɗa min da kanka, kada in ji a bakin mai kawo sammaci. In ba gaskiya ba ne, me ya riƙe hannunka? Na faɗa maka abin da ke cikin gidanmu saboda na ɗauke ka ɗa. Yanzu ina kwana ina tunanin ko takardata ce a cikin ledar nan.

Na ce wa Musaddiq wannan karon ya shiga har gida, kada ya dawo sai da amsa.

Ummussalma.

*

Yalwan Damai,
Alhamis.

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ya mai jiki? Allah ya ba Alhaji lafiya. Musaddiq yana zaune a zaure yana shan kunu, ya ce ba zai tashi ba sai na gama, don haka ki yi haƙuri da rubutun, yau kazar gudu take yi.

Asibiti muka je. Takardun da ke cikin leda katin Baba ne da na magani. Mai jakar ma'aikacin wurin ne, ya taimaka yana nuna min inda ake gwajin jini. Rigar kuwa ta Salla ce, ita kaɗai ruwan bara ya bar min mai kyan gani. Jiya aka sallame mu. Takardarki tana nan, ba ta je kotu ba.

Baba ya sake komawa gonar ne, ramukan farko sun cike. Ruwa ya same shi a can, kafin in kai gare shi ya jiƙe sharkaf. Kwana biyu ƙirji ya kama, numfashi yana fita da ƙara kamar ana jan zarto.

Maganar da kika ce kada in karanta masa, ban karanta ba. Na karanta gaisuwa, na ce ana dubawa, na ninke. Ya karɓa ya juya ta a hannu, ya shafa gaba ya shafa baya, ya ce, "Takardar nan ta fi abin da ka karanta nauyi." Ya sa ta ƙarƙashin matashi, har asibiti da ita ya tafi. Ranar da limaminmu ya zo dubiya na fita sayen ruwan zafi, ina dawowa na tarar da ita a hannun Liman. Ya kai wajen galla ya tsaya yana gyaran murya. Baba ya ce, "Ci gaba, Malam, ba kai ka rubuta ba."

Liman ya karanta har ƙarshe. Sai Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Ashe mu ma galla muke biya ban sani ba. A ce wa Zulkifli ya zo ya karɓi tasa gonar, ruwa ya wanke masa ita tas." Liman ya yi dariya, ni ma na yi. Sai Baba ya juyo wajen da yake jin numfashina ya ce, "Khuzaima ya ji wannan maganar kafin ya rasu?" Na ce a'a, bayansa ne. Ya ce, "Alhamdu lillahi." Ya juya ya fuskanci bango.

Gwaggo, ni ban ga laifin Baffa sosai ba. Ranar da 'yan'uwana na Kano suka zo jajen ambaliya na lura da su. Bakinsu yana jaje, idonsu yana auna fadama, ɗaya har ya tambaye ni daga ina zuwa ina ne namu. Zan iya rantsewa a kan kaina, ba zan iya rantsewa a kansu ba. Kuskurena da na rubuta tarihin yadda Baba yake faɗar sa a tsakar gida. Ban san a can zai zama wani abu ba.

Geron mutane har an yi masa noman firi. Ɓangaren 'yar Manu ciyawa ta fara rufe shi, maƙwabta suna tambaya ko aro zan bayar. Yau da safe Baba ya ce, "Tambayi Ummussalma, me yaron nan yake so a yi? A yi masa." Na tambaye ki ke nan.

Ɗanki,
Iliyasu.

*

Gwaram,
Lahadi.

Ɗana Iliya,

Ka yafe min zargin da na yi maka. Ka gaida Baba, ka ce Ummussalma tana durƙushe. Alhaji yana kwance, amma yana cin abinci.

Na je Basirka jiya. Da Zulkifli ya ji asibiti ne, kunya ta kama shi, ya yi ta sosa ƙeya, ya ce a gaida Baba da jiki. Amma bai sauka daga kan maganarsa ba. Abin da yake so shi ne Baba ya faɗa da bakinsa, a gaban mai unguwa da liman da tsofaffin Basirka, cewa damin nan na zumunci ne ba galla ba, kuma gidan Ɗanbala ba shi da komai a gonar. Na ce a rubuta mana. Ya ce na su Jummai ma ba takarda ce ta ci su ba, tsofaffi ne, su kuwa abin da idonsu ya gani suke riƙewa. Na ce mutumin da aka sallamo daga asibiti kwana uku ke nan? Ya ce shi zai ɗauki mota ya kawo su Yalwa. Muka je wajen mai unguwa, ya ce a'a, maganar ƙasa a kan ƙasar ake yin ta.

Akwai abin da ya kamata ka sani. Zulkifli ya daina shuka dawar. Riɗi ne a gonar, da sabon irin nan na leda mai saurin nuna. Rumbunsa ba ko ƙwaya. Amma Inna ta ja ni madafi ta nuna min dami ɗaya a rataye a jinka, hayaƙi ya tsare shi daga ƙwari. Ta ce ta so ta ba ni in ɓoye a zani in kawo muku, sai ta tuna a gidan ɗanta za ta ƙare rayuwarta.

Shawarata kada ku zo. Dawa ce, Iliya, ba ta kai ran tsoho ba. Amma na san shi, na san ba zai ji ba. Ni ba zan samu zuwa ba saboda Alhaji, kuma ko da lafiyarsa ƙalau ban san ko zan iya tsayawa in kalla ba. In kun je ka rubuto min duk abin da ya faru. Kada ka yi min irin karatun da ka yi wa Baba.

Gwaggonka,
Ummussalma.

*

Yalwan Damai,
Juma'a, ƙarshen Yuni.

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina gaida Alhaji da jiki. Baba zazzaɓi ya dawo tun daren da muka iso, amma yana shan kunu, yana salla a zaune. Mun je. Ga yadda aka yi, ban rage komai ba.

Na karanta masa takardarki duka, har inda kika ce kada mu zo. Ya ce, "Ummussalma tun tana yarinya matsoraciya ce, ko ɗan tsako ya bi ta sai ta hau turmi." Ya ce a ɗauko masa babbar riga.

Laraba Musaddiq ya zo da sassafe. Muka sa Baba a tsakiya, na warware rawaninsa na ɗaure shi da jikina don kada ya zame. A hanya yana ta tambaya ina muke, in na faɗa sai ya ce da nan duk kurmi ne, nan suka taɓa kwana da jaki shi da Baba Khuzaima. Da hantsi muka isa. An shimfiɗa tabarmi a gindin tsamiyar bakin gona. Riɗin ya fito kore shar, layi a miƙe, Baffa manomi ne ba ƙarya.

Baffa ya taho ya durƙusa. Baba ya lalubi kansa, ya cire masa hula ya shafa, ya ce, "Sanƙo, Zulkifli? Gadon Manu ke nan, wannan kam ba mai ƙwace maka." Mutane suka yi dariya, Baffa ma ya fara, sai ya tsaya.

Mai unguwa ya buɗe da addu'a ya faɗi abin da ya tara mu. Baba ya ce in tayar da shi. Aka ce ya yi zamansa, ya ce maganar ubansa ba ya yin ta a zaune. Na riƙe shi ta hammata. Muryarsa ba ta da ƙarfi, sai da tsofaffin suka matso.

Ya ce, "Ni ne Yahuza ɗan Ɗanbala, ni kaɗai na rage. Damin da kuke gani yana zuwa Yalwa ba galla ba ne, iri ne, mu ma muna kawo namu. Gonar nan ta Manu ce, ta Khuzaima ce, ta Zulkifli da 'yan'uwansa ce. Ni da 'ya'yana da jikokina, na gida da na birni, ba mu da komai a Basirka." Ya tsaya ya huta. Sannan ya ce, "Sai uwata Hapsatu da ke kwance a gindin kukar can ta gabas. Ita ma in ta tsare muku kunyar shuka ku faɗa."

Gwaggo, ni ban taɓa sanin a nan aka binne ta ba.  Baffa ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, wallahi ba haka nake nufi ba." Baba ya ce, "Na sani. Riƙe gonarka ka ciyar da yaranka. Da ni ne kai wataƙila abin da zan yi ke nan." Liman ya shafa fatiha.

Sai ga Inna Batulu ta fito daga cikin gari da damin a ka. Matasa suka ruga za su karɓa, ta hana. Ta zo ta sauke shi a gaban Baba da kanta, ya yi baƙi da hayaƙi. Suka gaisa, ya ce mata amarya, ta ce masa tsohon banza, kamar yadda suka saba. Ya sa hannu yana shafa zangarniyoyin, fuskarsa ta saki, rabon da in ga haka tun kafin ambaliya. Ya bi kara ya gangaro har hannunsa ya kai kan igiyar. Nan ya tsaya. Kin san Baba bahago ne, ƙullinsa ta hagu yake cusa bakin kaba, ba mai irinsa. Ya shafa ya sake shafawa.

Ya ce, "Batulu, wannan ai ɗaurina ne."

Ta ce, "Shi ne. Wanda ka aiko shekarar da Malam maigidana ya rasu."

Ya ce, "Ba a kwance ba."

Ta ce, "Ba a kwance ba."

Ya ce, "Ba ta shiga ƙasar Basirka ba ke nan."

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Ya murje ƙwaya kaɗan a tafi, ya hure, ya sa ɗaya a baki ya daɗe yana juya ta da dasashi. Ya ce, "Da ranta." Sannan ya ɗaga murya wajen mai unguwa ya ce, "Ku shaida wannan ma. Ba dami ne ya fita daga gidan Manu ba. Nawa ne na zo na ɗauka."

An kawo fura, ya kurɓa don kada a ce ya ƙi. Na tambaye shi ko in kai shi gindin kukar, ya ce a'a, sai an taka riɗin mutane, ya yi mata addu'a daga inda yake. Da za mu tafi Baffa ya sa an ɗauko buhun masara za a ɗaura a bayan babur. Baba ya ji motsin ya tambaya, aka faɗa masa. Ya ce, "Mayar. Kada a ga wani abu ya bar gidan nan ya nufi Yalwa." Baffa ya biyo mu da ƙafa har bakin titi yana riƙe da ƙarfen bayan babur.

Jiya na share ɓangaren na shuka, ƙasa da danshi, ina ganin mun same ta a ƙurarren lokaci. Baba bai iya tashi ba. Da na dawo na ce masa an shuka, ya ce madalla. Ya ce in Allah ya kai mu kaka, ko yana nan ko ba ya nan, in ware iri in rataye a namu madafin, kada in kai Basirka, kada in tsorata su. Na ce to Baba, me zai riƙa kai ni can? Ya ce, "Rasuwa."

Ki gaida yara. In Alhaji ya samu sauƙi ki daure ki zo ki ga Baba, kada ki jira kaka.

Mai unguwa ya ce kowane gida ya riƙe sunan waɗanda suka halarta, to ke ma ki riƙe. Akwai shi mai unguwar, da limamin Basirka, da Sarkin Noma, da Malam Ɗan'azumi mai gonar kudu da ƙaninsa, da Baffa Zulkifli, da Musaddiq, da ni. Da ana lissafawa mai unguwa ya ce ba sai an sa mace ba. Inna Batulu ta ce a sa ta, tun tana amarya ita take karɓar damin Yalwa a ƙofar gida, a sa ta cikin waɗanda suka ga tafiyarsa. Aka sa ta.

Ɗanki,
Iliyasu.